Kuben wuƙata na farko ya yage cikin kwana uku: a ina na yi kuskure?

Sagiru Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san aikin fata. Akwai wata wuƙa da na gada wurin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Ƙirar maƙera ce, da ƙarfen sifirin na mota aka yi ta, ruwanta ya kai santimita 18, ƙotarta kuma ta ƙaho. Da ita yake yanka ragon layya, da ita yake fiɗa. Kubenta na asali ya ruɓe tun bara, ni kuma na ƙudurta a raina cewa hannuna ne zai yi mata sabo.

Na sayi guntun fata baƙa mai laushi wurin wani mai ɗinkin takalma. Na ɗora wuƙar a kai, na zana, na yanka, na ninka gida biyu, na shafa gam a bakin, sannan na ɗinke da allurar buhu da zaren nailan. Ranar farko ya yi kyau har na nuna wa mutanen gida. Rana ta uku ina mayar da wuƙar sai kaifin ya tsinka zaren, tsinin ya ɓullo ta ƙasa ya yanke ni a ɗan yatsa. Ban da wannan, na ga ɗigo-ɗigon tsatsa a jikin ƙarfen, abin da ban taɓa gani ba a duk shekarun da take hannun Baba. Wannan tsatsar ta fi yankan ci mini rai. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki Babbar Sallah. Don Allah a ina na kuskure?

Abu Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam Sagiru, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ɗauki wuƙar ka shiga kasuwar Kurmi, ka miƙa wa baduku, kafin la'asar ka karɓi abinka. Dukanci gado ne, tun suna yara suke zaune gaban iyayensu. Ba abin da mutum zai tashi rana ɗaya ya ce zai yi ba ne.

Sagiru Fagge:
Na gode Malam. Na san za su yi wanda ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Amma koyo nake so in yi, ko da na farkon bai yi kyan gani ba.

Baba Baduku:
Yaro, sannu da yanka, Allah ya kiyaye gaba. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa masa. Na haura shekara 40 ina wannan sana'a, a hannun mahaifina na koya. Kurakuranka biyu ne, kuma duk wanda ya fara da kansa sai ya yi su.

Na farko, fatar da ka saya ta saman takalmi ce. An jeme ta ne don ta lanƙwashe da ƙafa, shi kuwa kube so ake ya tsaya ƙyam kamar kara. In ka riƙe fata a gefe ɗaya ta sunkuyar da kai, ba ta kube ba ce. Kirgi za ka nema, fatar sa ko ta saniya wadda aka jema da bagaruwa, mai kauri.

Na biyu shi ne babba. Ka haɗa baki biyu ka ɗinke, ka bar zare tsirara a kan hanyar kaifi. Duk shigar da wuƙa za ta yi sai ta goge shi. Ko da igiyar guga ka ɗinka sai ta tsinka ta. Ana yanka zirin kirgi, faɗinsa kamar ɗan yatsa, a kwantar da shi tsakanin bakin nan biyu tun daga sama har ya zagaye tsini. Sai a ɗinke su ukun tare. Ka ga kaifi in ya zo, zirin nan zai tarar, ya yi ta cinsa a hankali shekara da shekaru bai kai ga zare ba. Ka tono tsohon kuben mahaifinka in ba ka yar ba, ka buɗe shi. Ko dai ka ga wannan ziri, ko ka ga itace a ciki. Ɗaya daga ciki dole ne.

Sagiru Fagge:
Allahu Akbar. Baba, yanzu na ɗauko shi daga cikin akwati na ɓare. Wasu siraran itace guda biyu ne a ciki, an fafe su daidai siffar wuƙar, sai jar fata marar kauri a lulluɓe a kai. Ban taɓa lura ba. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Injiniya Nura:
Baba ya gama magana kan zare. Bari in ƙara bayani kan tsatsar. Manyan hanyoyin jima biyu ne a duniya. Akwai ta tsirrai, irin tamu ta bagaruwa, wadda ke ɗaukar lokaci. Akwai kuma ta wani sinadari da ake kira gishirin kuromiyam, wadda Turawa suka ɓullo da ita a ƙarni na 19, kuma ita ce mafi yawan manyan masana'antu ke yi a yau saboda sauri, har da irin waɗanda ke Challawa da Sharaɗa a nan Kano. Fatar takalma da jakunkunan zamani galibi ita ce. Masu yin kube a ko'ina suna gudun ta, don ba ta riƙe siffa, kuma ana zarginta da ɓata ƙarfe.

Gane ta ba wuya. Ka yanki gefen guntun da ya rage maka ka duba tsakiyar naman fatar. In ka ga shuɗi-shuɗi mai kama da toka, kuromiyam ce. Ta bagaruwa kalar ƙasa ce ciki da waje. In har yanzu kana shakka, ka ƙona ɗan ƙanƙani a waje: tokar mai kuromiyam tana yin kore-kore.

Sagiru Fagge:
Na duba. Shuɗi-shuɗi ne a tsakiya kamar yadda ka ce.

Dan Majema:
Injiniya, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. A majemar Ƙofar Wambai na tashi, hannuna ya sha ruwan bagaruwa. Kada Sagiru ya tafi da tunanin cewa in ya sayi fatar gargajiya ya rabu da tsatsa. Bagaruwa da ƙarfe in suka haɗu da ruwa, baƙi suke yi nan take. Ai da haka ake samun baƙin kuloko da dukawa ke zane da shi, ƙarfe ne asalinsa. Ka ɗora ƙusa a kan jiƙaƙƙen kirgi ka dawo bayan sa'a ɗaya ka ga tabon da za ta bari. Abin da ke cin wuƙa danshi ne. Wuƙar maƙera ba irin ta kanti ba ce mai ƙyalli, ko a kan tebur ka bar ta da damina sai ta yi tsatsa. Ina kyautata zaton Sagiru ya wanke ta ya cusa a kube ba ta gama bushewa ba, ko kuma gam ɗin bai sha iska ba.

Injiniya Nura:
Ban musa ba, Malam. Danshi shi ne kan gaba, na yarda. Amma ko an ajiye maganar tsatsa, ka san fatar kuromiyam ba a jiƙa ta a gyara mata siffa. Kirgin bagaruwa kuwa in ka jiƙa shi ka danna shi a jikin wuƙa, ya bushe, ya ɗauki siffar ke nan. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Dan Majema:
To a nan mun haɗu.

Sagiru Fagge:
Gaskiya ne, na wanke ta da ruwa na goge da gefen riga kawai na mayar.

Hajiya Kulu Sakkwato:
Ina bin maganar tun safe, amma abin da Malam Abu Hanifa ya ce ne ya tsaya mini a rai. Wai dukanci gado ne. To gadon nan wa ke ɗaukarsa yanzu? A unguwarmu gidaje nawa ne aka san su da wannan aiki, yau 'ya'yansu sun kama tuƙin Keke Napep ko sayar da waya? Kakata har ta rasu tana ɗinka filo da jakar fata a cikin ɗakinta, cikinmu jikokinta ba wanda ya iya riƙe basilla, har da ni, kuma abin yana damuna. Jar akuyar Sakkwato fatarta ta yi suna a duniya. Ita ce a zamanin da fatake ke ƙetara Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai ana kiranta fatar Maroko, ana yi wa littattafai bango da ita. In yaro ya zo da kansa ya ce zai koya, ai kamata ya yi a jawo shi jiki. Sagiru ɗana, ka ci gaba, Allah ya yi maka albarka.

Abu Hanifa:
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ba hana shi nake ba. Tsorona kada ya sake yanka kansa, kuma kada a raina sana'ar mutane a ɗauka abu ne na kallon bidiyo biyu a YouTube. Akwai wanda zai shekara 10 yana yi wa ubangidansa yankan fata kafin a bar shi ya yi zane.

Hajiya Kulu Sakkwato:
Wannan kuma gaskiyarka. To ya haɗa biyun, ya yi a gida, ya kai wa masu abin su duba.

Malam Ila Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan muna da majema a Damagaram, ga kuma jar akuyar Maraɗi wadda 'yar'uwar ta Sakkwato ce. Ni shawarata ta bambanta da ta Baba. Tunda kuben mahaifinka na itace ne da jar fata, me zai hana ka maimaita irinsa? Haka kakanninmu suka yi, haka ake yi wa wuƙaƙe da yawa har ƙasar Agadas. Itace ya tare kaifi, fatar akuya ta ba da ado. Jan karan dafi, ga korino, wato koriyar fata, a baki, ga zanen kuloko. Kuben kirgi zalla da kuke magana, ni a idona ya fi kama da na mafarautan Amurka da ake gani a intanet. Wuƙar gado ta cancanci tufafin gida.

Baba Baduku:
Malam Ila, ka faɗi gaskiya kan kyau, ba mai ja da kai. Amma ka tuna yaron nan jiya ya fara. Kuben itace sana'a biyu ce a haɗe. Sai ya iya sassaƙa, ya fafe itace biyu su haɗu ba tare da wuƙa tana rawa a ciki ba. Sannan fatar akuya sai an fefe bakinta da aska ta yi siriri kamar takarda kafin ta kwanta, in hannu bai saba ba sai ta huje. Ga ɗinkin baya da ake ɓoyewa. In ya fara da wannan zai ɓata fata uku ya yi fushi ya bari. Ya fara da kirgi ya san yadda fata take amsa hannu. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, ya zo in nuna masa na itace.

Kuma kirgi ba baƙo ba ne a wurinmu. Mahauta da mafarauta da shi suke yi tun da can, don aiki suke so ba ado ba.

Malam Ila Damagaram:
Na karɓa, Baba. Amma ka yi mini alkawari zai sa ko ɗan zirin jar fata a bakin kuben.

Baba Baduku:
Wannan mai sauƙi ne, zai sa.

Ummu Aiman:
Don Allah tambaya a gefe. Fatar ragon layya fa? Duk shekara tamu sai dai mu bayar. Ba za ta yi irin wannan aiki ba?

Dan Majema:
Hajiya, fatar tunkiya da rago tana da laushi, tana miƙewa, kuma tana saurin yagewa, ba ta kai ta akuya ƙarfi ba. Ta yi buzu, ta yi shafin cikin jaka, amma ba kube ba. In kina son amfani da ita, da an gama fiɗa a kankare kitsen a zuba mata gishiri sosai ta gefen nama, a ajiye a inuwa, a kai majema da wuri. In ta kwana a dunƙule cikin zafi ba gishiri, gashin zai fara zuba, ta lalace ke nan.

Malam Auwalu Mai Allo:
Ƙarin bayani kaɗan: amfani da fatar layya a gida ko kyautar da ita ya halatta. Abin da malamanmu suka hana shi ne mai layya ya sayar da ita, ko ya ba mahauci a matsayin ladan fiɗa. Biyan majemi kuɗin aikinsa daga aljihu ba laifi.

Sagiru Fagge:
Na je Kurmi yau. Kirgi mai kyau ya yi tsada, mai sayarwar ya ce fatar shanu da yawa ganda ake yi da ita a cinye, ba ta isowa majema. Amma na samu guntu da zai ishe ni, kaurinsa kamar milimita 3. Na sayi basilla, allura biyu, da kakin zuma. Baba, daga ina zan fara?

Baba Baduku:
Kada ka taɓa fatar tukuna. Nemo kwali. Ninka shi biyu, ka kwantar da bayan wuƙar a kan ninkin, ka zana kewayenta. Daga layin kaifi ka ƙara faɗin ɗan yatsa, nan ne ziri zai zauna. Kuma ka bar kuben ya haɗiye kusan rabin ƙota, don a nan yake kama wuƙa. Wanda ya tsaya iya ruwan wuƙa, da ka sunkuya za ta zube. Yanka kwalin ka gwada. Kwali in ya ɓaci ba ka yi asara ba. Ka tuna fata ta fi kwali kauri, ninkin zai ci wuri, saboda haka gara ya yi ɗan yawa ka rage daga baya.

In za ka yanka kirgin, a kan katako, da aska mai kaifi sosai, hannunka na hagu a bayan aska ba a gabanta ba. Kada ka ce sai ka raba shi a ja ɗaya, bi layin sau biyu ko uku.

Maratayin da bel zai shiga, shi za ka fara ɗinkewa a baya tun fatar tana shimfiɗe. In ka rufe kube ka manta da shi, allura ba ta da hanyar shiga. Na ga manya sun yi wannan mantuwar.

Sannan ka kankare wurin da gam zai hau, ka shafa kaɗan, ka bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, ka kwantar da zirin, ka rufe. Gam riƙo kawai yake yi maka kafin ɗinki, ba shi ne ƙarfin kube ba.

Injiniya Nura:
Kan ɗinkin: ka ja layi kamar milimita 5 daga baki, ka ɗan kwarzane shi don zaren ya nutse kada ya riƙa gogar abubuwa. Tazarar huji ma kamar milimita 5. In ba ka da abin awo, cokali mai yatsu ya isa, ka danna shi a kan fata mai ɗan danshi ya bar maka alama daidai wa daida. Fata uku a haɗe ta kusa santimita 1, basilla za ta yi maka gardama. Ka wasa ƙusa ka riƙa bugawa da guduma a kan katako, amma ka tsayar da ita sak, in ba haka ba gaba zai miƙe baya ya karkace.

Zare ɗaya, allura a kowane kai. Kowane huji allura biyun za su ratsa shi, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, ka ja su tare. Amfanin wannan, ko zare ya tsinke a wuri ɗaya sauran ba za su warware ba, saɓanin ɗinkin keke. Ka goga wa zaren kaki. Tsawonsa ya kai ninki biyar na layin ɗinkin, don kauri yana cin zare. A ƙarshe ka koma baya huji uku ka yanke.

Shugaban Zaure:
Tunatarwa ga matasanmu da ke karantawa: ana maganar kube ne don adana wuƙar aiki a gida, a gona ko a mahauta, da kare yara daga kaifinta. Ba don a soke a ƙugu a shiga gari ba. Mun san abin da yawo da makami ya jawo wa unguwanninmu. A ci gaba.

Sagiru Fagge:
Alhamdu lillahi, na gama ɗinki daren jiya, ya ɗauke ni kwana huɗu bayan tashi daga aiki. Allura ɗaya ta karye, tafin hannuna ya yi kanta. Gaba ya miƙe, amma a baya huji shida sun karkace kusa da tsini, kamar yadda Injiniya ya yi gargaɗi. Na sa zirin jar fata a baki saboda Malam Ila. Matsalar yanzu, wuƙar tana shiga da ƙyar, sai na yi da ƙarfi ƙotar take wucewa. In farke in sake?

Baba Baduku:
Kul, kada ka farke. Haka ake so a wannan matakin. Shafa wa wuƙar mai, ka naɗe ta da leda har ƙota, ninki biyu. Tsoma kuben a ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, ruwan zafi dafa fata yake yi ta ƙanƙance. Ɗan lokaci kaɗan ya isa, da ka ji ya yi laushi ka fitar. Cusa wuƙar a hankali har inda kake so ta tsaya. Sai ka yi ta danna fatar da babban yatsa a kewayen ƙota, musamman inda ƙaho ya haɗu da ƙarfe, har siffar ta fito. Ka yanke farcenka kafin nan, jiƙaƙƙen kirgi ba ya manta tabo. Bayan kamar sa'a ɗaya ka zare wuƙar ka goge ta, ka bar kuben ya bushe a inuwa inda iska ke wucewa, kwana biyu. Ba rana, ba kusa da murhu.

Dan Majema:
In ya bushe ka goge bakin da sanfefa har fata ukun su zama kamar ɗaya, ka ɗan jiƙa, ka murje da santsin itace ko ƙashi sai ya yi ƙyalli, ka bi da kaki. Mai kuma kaɗan, man kaɗanya a yatsa, ta waje kawai. In ka cika mai zai yi laushi ka koma gidan jiya.

Sagiru Fagge:
Jama'a, an gama. Na bi yadda kuka ce. Yanzu in na tura wuƙar sai in ji ta zauna da ɗan sauti, na kifa kuben na girgiza ba ta faɗo ba. Na leƙa da tocila, kaifin a kan zirin yake kwance, bai kusanci zare ba. Akwai baƙin tabo ɗaya a ciki inda ledar ta huje, ƙarfe ya taɓa jiƙaƙƙiyar fata, maganar Malam Dan Majema ta tabbata. Na kai wa mahaifiyarmu, ta juya shi a hannu ta daɗe tana kallo, ta ce ranar Sallah ni zan yi yanka da ita. Na gode muku duka. Baba, ina so in kawo maka shi ka gani da idonka.

Abu Hanifa:
Ma sha Allah. Na janye maganata ta farko, Malam Sagiru. Allah ya sa albarka.

Baba Baduku:
Ka zo ranar Asabar bayan azahar, jikana zai turo maka kwatance ta akwatin saƙo. Ka taho da tsohon kuben mahaifinka, kada ka yar da itacen nan biyu, da su za mu auna na baɗi. Kuma bayan Sallah in ka wanke wuƙar, ka bushe ta sarai, ka shafa mata man gyaɗa, ka naɗe ta a tsumma daban. Kuben ka rataye shi shi kaɗai har damina ta wuce.